Fararen Warƙoƙin Modibbo Yaji

Dutsen farko ya faɗo ne ana saura kaɗan a kira magariba, ranar wata Talata a watan Maris na 2015, mako uku bayan iyalin Malam Murtala kafinta sun dawo Mubi daga gudun hijira.

Matarsa Adawiyya na zaune a tsakar gidansu da ke Sabon Layi, tana tsince shinkafa a faifai. 'Yarsu Na'imatu, wadda ke aji biyu a jami'a kafin a rufe ta, tana gefe tana fifita gawayi a kurfoti. Zafi ya danne garin tun hantsi, ko ganyen darbejiyar ƙofar gida ba ya motsi. Har lokacin rabin unguwar babu kowa. Wasu gidajen na nan da kwaɗunansu, wasu an ɓalle ƙyamarensu an bar su a hangame. Shi ya sa da dutsen ya daki rufin kwano, ƙarar ta daɗe tana yawo a layin kafin ta mutu.

Malam Murtala na alwala a bakin rijiya, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo gefe guda. Ya ce, "Alhamdulillahi, gari ya fara dawowa. Tunda an soma jifar mangwaro, saura wutar lantarki."

"Wane mangwaron muke da shi?" in ji Adawiyya, ba ta ko ɗago ba.

Na biyun cikin faifanta ya sauka, shinkafa ta watse har ƙirjinta. Ta ɗauke shi ta juya a hannu. Sumul yake, mai sanyi, a jiƙe, da ƙarnin laka irin na bakin mayo, wato kogi, alhali mayon ya ƙafe tun wata biyu da suka wuce.

Na ukun bai zo daga sama ba. Daga cikin ɗakinsu ya fito, ta ƙofar da ke buɗe, ya ratsa tsakar gidan a miƙe ya sami Malam Murtala a saman gira. Ya zube a kan butarsa. Jini ya sauko ya rufe masa ido, ya gauraye da ruwan alwala. Adawiyya ta yi kansa da gefen zanenta tana danne wurin, tana kiran Na'imatu ta kawo gishiri. Ba a amsa ba.

Da ta waiga, ta ga yarinyar ta ajiye mafici ta miƙe zaune sambal. Bakinta na motsi. Ƙirge take yi da Fulatanci, a hankali, da wata murya mai kauri irin ta tsohon da haƙoransa suka zube. Na'imatu ba ta da Fulatancin da ya wuce na sayen nono, domin kakanninta daga Gusau suka zo. Ta ƙirga har goma sha takwas, ta tsaya, ta sake daga farko. A karo na uku da ta kai goma sha takwas, sai ta miƙa hannunta na dama, ta tura ƙaramin yatsanta cikin garwashi, ta bar shi a nan.

Ba ta yi kuka ba. Ƙaurin nama ne ya cika gidan. Sai da uban ya rarrafo, su biyu suka haɗu, kafin suka iya janye hannun, kamar ana jan icen da aka kafe a ƙasa. Ladan na kammala kiran salla ta sulale a jikinsu, ta buɗe ido, sannan ne ta fasa ƙara da muryarta ta ainihi.

Adawiyya ta san goma sha takwas ɗin nan. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Shekara goma sha uku ke nan tana aiki a laburaren jami'ar garin. Ta fara ne tun laburaren na ɗaki biyu, littattafai a cikin kwalaye, yawancinsu kyautar malaman da suka yi ritaya. A gabanta aka jera kantocin farko. Ta ga zuwan littattafan shari'a masu jan bango, da mujallun noma da kiwon kifi, da tsofaffin jaridun da aka ɗinke shekara-shekara, da littattafan waƙoƙin coci na harsunan Gude da Kamwe da wani fasto ya bari, da kundayen binciken ɗalibai waɗanda kowace shekara sukan ci sabuwar kanta. Kowane ɗaya ya bi ta hannunta: a duba shi, a buga masa hatimi, a ba shi lamba, a rubuta masa kati. Ba ta taɓa barin littafi ya kwana babu lamba ba.

A 2006 ne magadan wani malami na ƙauyen Digil, Modibbo Yaji, suka kawo wata tsohuwar gafakar fata, suka ce a adana ta, don gara ta fara cin ɗakin da take. Da yake Adawiyya ta yi Larabci kuma tana karanta ajami, ita aka ba. Warƙoƙi ne sakakku, ba ɗinki, kamar yadda littattafan malaman da suke, fiƙihu da tauhidi da wasu waƙoƙin wa'azi na Fulatanci. Ta ƙirga ɗari biyu da goma sha biyu masu rubutu. A tsakaninsu kuma, nan ɗaya can ɗaya, akwai farare guda goma sha tara, ko ɗigon tawada babu.

Baba Elkana, tsohon mai ɗinkin littattafan laburaren, yana tsaye a kanta lokacin da ta fara zare su.

"Madam, bar shi yadda ka same shi," ya ce da Hausarsa ta mutanen tsauni. "Malamin da yana tafiya har Yola da ƙafa ya sayi takarda. Ba ya barin fari a banza."

Ta yi murmushi ta ce masa farar takarda ba ta shiga lissafin warƙa, haka aka koya musu. Ta zuba su a ambulan ruwan ƙasa, ta rubuta adadinsu a baya, ta ajiye kusa da gafakar a kabad ɗaya. Shekara takwas babu abin da ya faru.

Ranar Larabar ƙarshen Oktoba ta 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, tana wurin aiki. Kowa ya gudu da abin da ke hannunsa. Ita ta koma ciki ta buɗe kabad, ta saka gafakar da ambulan a jakarta, domin duk sauran littattafan ana iya sake sayen su. Da ƙafa suka fita, ita da mijinta da 'yarsu, cikin dubban mutane, suka nufi duwatsun iyakar Kamaru. A bayan gari harsashi ya yanki Malam Murtala a sha-raɓa. Washegari ƙafar ta kumbura, ta fara wari. Wata nas da ke cikin masu gudun ta ce in ba a wanke da tafasasshen ruwan gishiri ba, sai dai a yanke. An yi ruwan sama, itace duk a jiƙe, ashana kuma ƙwara biyu ta rage. Adawiyya ta buɗe jaka ta yi tunani a tsanake, kamar yadda take yin komai. Ba ta taɓa masu rubutu ba. Ta zaro fara ɗaya daga ambulan, ta murɗe ta, ta kunna. Wutar ta kama, ƙafar ta tsira. A Yola, cikin ɗakin da suka raɓe wata huɗu, ta gyara adadin da ke bayan ambulan ɗin da biro.

Yanzu gafakar da ambulan suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, suna jiran a buɗe jami'a.

Washegarin jifan, ranar Laraba, suka kai Na'imatu asibiti aka ɗaure yatsan. Likitan ya ce firgicin gudu ne, sun ga irinsa da yawa, ya ba da ƙwayar sa barci. Adawiyya ta yarda da shi, don tana son ta yarda. Tun la'asar ta kashe wuta a gidan, ta zuba wa gawayi ruwa, ta ɓoye ashana, ta kulle yarinyar tare da ita a ɗaki.

Da rana ta yi ja, duwatsun suka dawo. Wannan karon ba ɗaya-ɗaya ba. Suka fasa randa, suka tarwatsa madubin kabad, suka karya wa akuyar gidan ƙafa tana ɗaure. Na'imatu ta tashi daga barcin ƙwaya ido a kafe. Ta ɗauki uwarta da hannu ɗaya ta maka ta da bango, har numfashinta ya ɗauke. Ta daki ƙyauren da mahaifinta ya yi da hannunsa, na katakon maɗaci, ya rabu biyu. Malam Murtala ya tare ta a tsakar gida yana karanta Ayatul Kursiyyu, ta take masa ƙafar mai ciwo, ta wuce ta kansa. Ta je ga kurfotin da aka jiƙa, ta hura shi sau ɗaya. Ya kama jawur. Ta ƙirga goma sha takwas, ta sa yatsa na biyu.

Maƙwabtan da suka dawo suna jin komai, amma babu wanda ya leƙo. Mutanen da suka ga abin da aka gani a garin nan sun koyi rufe ƙofa in an ji ihu, ga kuma dokar hana fita.

Ranar Alhamis da hantsi Baba Elkana ya zo a kan tsohon kekensa, da ledar gyaɗa, don yi musu barka da dawowa. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon tarin duwatsun da aka share gefe, da goshin maigidan, da hannun yarinyar da ke kwance tana nishi. Ya ɗauki dutse ɗaya ya shinshina.

"Madam, gafaka yana wurinka?"

Ta gyaɗa kai.

"Fari nawa ya rage?"

Adawiyya ta dubi mijinta. Sannan, a gaban su biyun, ta faɗi abin da ta kunna a kan dutse. Malam Murtala ya dubi ƙafarsa.

"Da kin bari an yanke ta, Maman Na'ima," ya ce.

"Da yau ma aka koma, ita zan kunna," in ji ta. "Ba wannan ake tambaya ba. Baba, wa ya rage a gidan Modibbo Yaji?"

"Jikansa Gabdo. Yana nan Digil, bai gudu ba. Ya ce shi ya tsufa da gudu. Ni ba addinina ba ne, amma na san wanda ya iya aikinsa. Ki je yanzu, yatsa uku ne ya rage."

Da ƙyar ta sami keke napep da ya yarda ya bi hanyar, saboda shingayen sojoji. Ta tarar da Modibbo Gabdo a ƙarƙashin rumfa yana ɓare masara, siririn tsoho, hannunsa na rawa. Ya saurare ta har ƙarshe bai katse ta ba. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da ƙullin tsumma da wata 'yar ƙaramar gora.

"Laifin namu ne da naku," ya ce. "Da muka kai littafin, kunya ta hana mu faɗa. Muka ce 'yan boko za su yi mana dariya."

A hanya ya ba ta labari. Cikin ɗaliban kakansa akwai wanda ba mutum ba ne, mazaunin wani gurbi a mayo. Shekara ashirin yana ɗaukar karatu daga bayan zana. Da ya sauke, Modibbo Yaji ya rubuta masa nasa darussan da tawadar da shi ɗalibin ya kawo, wadda idon ɗan Adam ba ya gani, ya saka kowace warƙa a kusa da babin da take bayani. Kowace shekara, a watan da Modibbo Yaji ya rasu, yakan zo ya karanta rabonsa.

"Watan nan ne," in ji shi.

Sun iso ana sallar la'asar. Modibbo Gabdo ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da gafakar da ambulan aka ajiye a kan buzu. Malam Murtala da Baba Elkana suka zauna a gefen Na'imatu, kowa ya riƙe kafaɗa ɗaya. Tsohon ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Inuwar katanga tana tsawo, tana cin tsakar gidan kaɗan-kaɗan. Kaji suka shige akurki tun lokaci bai yi ba.

Da inuwar ta taɓa tabarma, Na'imatu ta ɗago kai. Muryar nan mai kauri ta kama karatun tare da Modibbo, aya da aya, har ta wuce shi.

"Gabdo," ta ce da Hausa. "Da wannan za ka kore ni? A gabana aka koya wa ubanka ita, yana kuka yana majina."

"Ban zo korar ka ba tukuna. Na zo jin ƙararka."

Kafaɗun yarinyar suka motsa sau ɗaya. Baba Elkana ya tafi da baya ya daki rijiya, Malam Murtala ya kife a ƙasa. Wani dutse ya fito daga ɗaki ya fasa wa Modibbo leɓe. Ya tofar da jinin gefe, ya gyara zama.

"Ƙarata ga ta can," in ji muryar, kan Na'imatu ya juya wajen uwarta. "Mai hatimi. Ta raba ni da babobina, na yi haƙuri. Shekara takwas ina karatu a cikin ambulan kamar takardar sammaci, na yi haƙuri. Da masu bindiga suka zo ta ɗauke mu, na ce wannan mace ta san darajar littafi, har na kau da su daga hanyarta sau biyu. Ashe makamashi ta ɗauka."

"Ban san akwai rubutu ba," in ji Adawiyya.

"An gaya miki. Wancan tsohon ya gaya miki. Kika ce haka aka koya muku."

Hannun Na'imatu mai bandeji ya ɗaga, ya nuna kurfoti, gawayin da ke ciki ya fara hayaƙi.

Modibbo Gabdo ya ɗaga murya a karon farko. "Wa ya ƙona warƙar?"

"Uwar."

"Hannun wa ka ƙona?"

Modibbo ya matso kusa.

"Shekara ashirin a gaban kakana, abin da ka ɗauko ke nan? A wane babi ya koya maka kama wanda bai yi ba? Nuna mini, ga littafin nan. In ka taɓa yatsa na uku, wallahi zan kai sauran goma sha takwas ɗin kabarinsa in karanta masa abin da ɗalibinsa ya zama, sannan in binne su a can."

Hayaƙin ya tsaya. Akuyar da aka karya ta yi kuka. Da muryar ta dawo, ta rage kauri.

"Na tsufa, Gabdo. Warƙar nan ita ce ta ƙarshe da ya rubuta mini. Bana tana kaina. Baɗi ban sani ba. Mu muna karantawa, amma alƙalami da takarda naku ne. Ina son a mayar mini da ita. Yarinyar tana da ido, tana da hannu mai kyau. Ba ni ita yini ɗaya ta rubuta, in tafi."

"Faɗi sauran," in ji Modibbo. "Kada ka ɓoye."

"Ba a rubutu da tawadar da ba a gani. Sai an sa tozalinmu. Idon da ya ga rubutunmu kuwa ba ya sake ganin naku."

Modibbo ya juya ga Adawiyya. "Gaskiya ya faɗa, Malama. Kakana ya yi shekara tara na ƙarshe ana karanta masa. Mutane sun ɗauka tsufa ne, alhali yana zura zare a allura. Da hannuna na tsayawa wuri ɗaya, da ni zan yi. Kin dai gani." Ya ɗaga hannun, yana kaɗawa kamar ganye.

Malam Murtala ya ce shi a sa masa, ƙafarsa ce ta ci wutar. Muryar ta yi wata 'yar dariya ta ce kafinta ya bari sai ana neman ƙyaure, wanda ko baƙaƙen ajami bai gama sani ba.

Adawiyya ta dubi 'yarta, da littattafan makarantarta da ke jere a taga. Sannan ta matso gaban tabarmar ta zauna, ta naɗe ƙafa.

"Layi nawa ne?"

"Goma sha bakwai, gaba da baya."

"Zan ga fuskar mutane?"

"Za ki gani. Da hanya, da wata, da tsakuwa a cikin shinkafa. Abin da ɗan Adam ya rubuta ne kawai."

"Har lambobi?"

"Har su."

Ta gyara zama. "To ga nawa sharuɗɗan. Ka fita daga jikinta kafin in ɗauki alƙalami, ka faɗa mini a kunne. Ba za ka sake shiga gidan nan ba, ko jikin wani nawa. Littafin kuma laburare zai koma, domin amana aka ba mu, ban da ikon bayar da shi."

"Ji mai hatimi. Ana yanka ta tana cika fom." Kan ya karkata. "Na yarda. Nawa biyu ne. Kowace warƙa ta koma babinta, ke za ki mayar, tunda za ki gani. Kuma kada a buga musu wannan abin naku mai shuɗiyar tawada."

"Ba za a buga ba."

Modibbo Gabdo ya sa shi ya rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan, sau uku. Na'imatu ta yi atishawa mai ƙarfi, jini ya ɗan fito ta hancinta, ta faɗi a cinyar ubanta tana numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa.

Tsohon ya kwance ƙullin. Akwai tsohuwar takarda guda ɗaya daga ragowar na kakansa, da alƙalamin kara, da tandun tozali ƙarami. Abin da ke cikin gorar kamar ruwa yake. Kafin ya sa mata, Adawiyya ta ce a dakata. Ta jawo gafakar ta buɗe warƙar farko, ta karanta Bismillah da idonta, a hankali, har ƙarshen layin. Sannan ta ɗaga fuska.

Tozalin ya shiga kamar an zuba mata barkono da garwashi. Ta cije leɓe har ya fashe, hawaye na zuba baƙi. Da ta iya buɗewa, warƙar da ke gabanta ta zama fara fat. Ambulan ɗin kuma, da Modibbo ya zazzage shi, cike yake da rubutu mai kyau, ja-ja kamar ƙasar jigawa, layi bisa layi, har da gyare-gyare a gefe.

Ta tsoma alƙalami. Wani sanyi ya tsaya a bayan kunnenta na dama, da ƙarnin laka. Waɗanda ke wurin ba su ji komai ba, ba su ga komai ba, sai mace tana jan busasshen kara a kan farar takarda, tana tsayawa, tana cewa a maimaita, tana ci gaba. Sau ɗaya ta ce, "A'a, wannan ka riga ka faɗa," ta jira. Ta gama ana kiran magariba. Ta bi fararen ɗaya bayan ɗaya, tana karanta kan kowace, Modibbo yana nemo mata babin a cikin masu baƙin rubutu, tana sakawa. Da ta ɗaure igiyar gafakar, sanyin ya bar kunnenta. Abin da ta rubuta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Yatsun Na'imatu biyu sun warke a lanƙwashe, amma uku sun isa riƙe biro. Da aka buɗe jami'a ta koma aji. Adawiyya ma ta koma aiki. Gafakar ta koma kabad ɗinta, kuma da bakinta ta sa aka gyara katin, aka rubuta warƙa ɗari biyu da talatin da ɗaya. Ta nemi a ɗauke ta daga teburin rajista, ta ce idonta ya raunana, aka mayar da ita wajen jera kantoci. Babu wanda ya yi mamakin yadda take miƙa hannu ta ciro littafi ba tare da ta duba bayansa ba. Shekara goma sha uku ta san su da launi da kauri da nauyi.

Sababbi ne ba ta sani ba. Wata safiya aka sauke kwalaye shida na gudummawa daga wata ƙungiya, aka tura su ɗakin baya. Ta yanke igiyar kwalin farko, ta ɗauki na sama, ta buɗe tsakiyarsa. Fari, da ƙamshin sabuwar takarda. Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta tura ƙofa ta rufe, ta miƙa wa Baba Elkana.

Ya gyara tabaransa mai ɗaurin zare, ya nisanta littafin, ya kusanto da shi. Ya karanta sunan da Turancinsa na makarantar mishan, gaɓa-gaɓa, ya yi tuntuɓe a sunan marubucin.

"Cututtukan shanu ne," in ji ta. Ta faɗi lambar da ka, ya rubuta a kati. "Kanta ta huɗu daga taga, layin ƙasa."

Ta shafa bangon da tafin hannu, gaba da baya, ta auna shi sau ɗaya, ta ajiye a gefe.

"Miƙo na gaba, Baba."